Kafin Ka Hau Jirgi da Jinjiri

Ɗana, na san gidanku gida ne da ba a jin ƙugin jirgi a sama sai kowa ya ɗaga kai, kuma ban ga laifinku ba, domin mu mutanen Kafanchan jirgi ne ya raine mu. Tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927 garin ya tashi, kakanni suka ci abinci a tasha, jikoki kuma idonsu ya koma kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. To, yanzu Allah ya ba ka ƙaruwa, ka ƙosa ka ga ɗanka a cikin jirgi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, sha'awar nan taka ce, shi jinjiri bai san da ita ba, nono ya sani da barci da ɗumin jikin uwarsa, don haka a kan bukatarsa za ka tsara tafiyar.

Ka fara da haƙuri. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar jaririn da bai cika kwana 7 ba, amma yardar kamfani daban, ƙwarin jiki daban, kuma iyayenmu da suka ce mai jego ta yi arba'in tukuna sun san abin da suka gani. In bakwaini ne, ko yana da sikila ko ciwon ƙirji, ka kai shi wurin likita kafin ka yanki tikiti, domin iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, nesa sama da Jos, kuma huhun da bai yi ƙwari ba yana jin wannan ragin.

Sannan ka tuna ba mu da filin jirgi a gida. Ko Heipang za ku, ko Kaduna, ko Abuja, sai yaron ya sha hanya a mota kafin ya ga fiffike, in kuma lokacin hunturu ne hazo na iya zaunar da ku wuni guda a ɗakin jira. Ka ninka kayan canji da madara, ka sa su a jakar hannu, ma'aikatan bincike suna barin abincin jariri ya wuce.

Babbar wahalarsa kunne ce. Ka san yadda kunnenka ke toshewa a gangaren Hawan Kibo har sai ka haɗiyi yawu. Haka yake ji, har ya fi, don hanyar kunnensa siririya ce, kuma bai san dabarar ba. Maganin shi ne tsotso, a ba shi nono lokacin tashi, musamman kuma lokacin sauka, tun jirgi ya fara yin ƙasa. In yana mura mai ƙarfi, gara a ɗage tafiyar. Kada kuma wani ya rinjaye ka ka ɗura masa maganin barci don kunyar fasinjoji.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, ba a zaunar da ku bakin ƙofar gaggawa, kuma in abin shaƙar iska ya faɗo, naka za ka fara sawa kafin nasa, domin in ka suma ba mai taimakonsa. Na san zuciyarka tana wurin taga, kana son ka ɗauki hoton gajimare, amma ɗana, ranar nan ajiye wayar. In ya fashe da kuka mutane suka juyo, kada ka harari uwarsa kamar ita ta jawo, ta riga ta gaji tun daga gida. Miƙa hannu ka karɓe shi, ka ɗora shi a kafaɗa, ka bar ta ta sha ruwa.