ME YA SA LAWIYAWA SUKA KOMA GONA?

Karatu: Nehemiya 13:4-14, 2 Korintiyawa 8:1-21

Yau za mu yi tunani a kan bayarwa, da zakka, da yadda ake riƙon dukiyar ikilisiya. Mun sani magana ce da mutane da yawa ba sa so a taɓa. Da zarar fasto ya ambaci kuɗi a kan bagade, sai wasu su ce ai cikinsa yake yi wa wa'azi. Saboda gudun wannan zargi, fastoci da yawa sun yi shiru, su da iyalinsu suna shan wahala a ɓoye. Amma Maganar Allah ba ta yi shiru ba. Ka ɗauki Littafinka Mai Tsarki, mu duba abin da ya faru a zamanin Nehemiya.

Alkawarin da aka manta

Nehemiya Bayahude ne, mai shayar da Artashate sarkin Farisa. A shekara ta 20 ta mulkin sarkin, wato wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, ya sami izini ya tafi Urushalima domin ya sāke gina garun birnin. Jama'a suka ba da ƙarfinsu, aka gama aikin cikin kwana 52. Bayan haka Ezra ya karanta musu Shari'ar Musa, suka yi kuka, suka tuba. A sura ta 10 suka rubuta alkawari, shugabanni suka buga hatimi a kai. Sun ce za su riƙa kawo nunan fari, da zakkar amfanin gona, da itacen bagade, da sulusin shekel kowace shekara domin hidimar Haikali. Sun rufe da cewa ba za su ƙyale gidan Allahnsu ba.

Bayan shekara 12 Nehemiya ya koma wurin sarki. Da ya sāke dawowa Urushalima, sai ya tarar da abu biyu da suka ɓata masa rai. Na fari, akwai wani babban ɗaki a Haikali inda ake ajiye hadayar gari, da lubban, da zakkar hatsi da ta mai. Eliyashib firist ya ba Tobiya Ba'ammone wannan ɗaki, Tobiyan nan da ya yi wa ginin garu ba'a tun farko. Na biyu, Lawiyawa da mawaƙa sun bar aikinsu, kowa ya koma gonarsa, domin ba a ba su rabonsu ba.

Ka lura da yadda abu biyun nan suka haɗu. Ɗakin da aka keɓe domin zakka ya koma masaukin maƙiyi, masu hidima kuwa suka watse. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba wanda ya tashi ya ce a rufe Haikali. Kowa dai ya ga kamar ɗan abin da bai kawo ba, ba zai hana komai ba. A haka gidan Allah ya zama kango da mutanensa a raye.

Laifin wa?

Sa'ad da aka raba ƙasar alkawari, ba a ba kabilar Lawi yanki kamar sauran kabilu ba. A Littafin Ƙidaya sura 18 Ubangiji ya shirya cewa zakkar Isra'ilawa, wato kashi ɗaya cikin goma, ita ce abincin Lawiyawa saboda aikin da suke yi a wurin sujada. Su ma an umarce su su fid da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka karɓa, su kai wa firistoci. A Maimaitawar Shari'a 14:28-29 kuma, an ce kowace shekara ta uku a tara zakka a cikin gari domin Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Ka ga ke nan zakka abinci ne na masu hidima da na marasa ƙarfi.

Shi ya sa Nehemiya bai tsauta wa Lawiyawa ba. Shugabannin jama'a ya kira, ya tambaye su dalilin da ya sa aka yi watsi da gidan Allah.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan labari bai yi nisa da mu ba. Ka san ikilisiyar da fastonta yake kwana yana tunanin kuɗin makarantar 'ya'yansa? Ka san ƙauyen da aka aika mai bishara, bayan shekara biyu ya tattara kayansa ya tafi birni neman aiki? Noma ba abin kunya ba ne ga bawan Allah. Manzo Bulus kansa ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti. Amma akwai bambanci tsakanin mai hidimar da ya zaɓi ya yi aikin hannu, da wanda yunwa ta kore shi daga garken da Allah ya ba shi. Bulus ɗin nan ne ya rubuta a 1 Korintiyawa 9:13-14 cewa Ubangiji ya shirya masu shelar bishara su sami abin zaman gari ta wurinta. In makiyayi yana gona daga asuba zuwa faɗuwar rana, wa zai ziyarci marar lafiya? Wa zai koya wa sabon tuba? Wa zai shirya wa'azin Lahadi?

Zakka doka ce a kanmu?

Masu sauraro sukan yi wannan tambaya. Mu sani da kyau, ba da zakka ba ya ceton kowa. An cece mu ta wurin alheri, saboda jinin Yesu da aka zubar a kan gicciye. Wanda yake fid da zakka domin ya sayi gafara bai fahimci bishara ba tukuna.

Duk da haka, ka tuna Ibrahim ya ba Malkisadik kashi ɗaya cikin goma tun ba a ba da Shari'a ba (Farawa 14:20). A Matiyu 23:23 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin suna fid da zakka har ta ganyayen ƙamshi, alhali sun bar adalci da jinƙai da aminci. Bai ce su daina zakkar ba, ya ce su riƙe duka biyu. Bulus kuwa bai yanka wa ikilisiyoyi adadi ba, amma a 1 Korintiyawa 16:2 ya nuna musu hanya: kowa da kowa, a ranar farko ta kowane mako, ya ware wani abu gwargwadon samunsa. A 2 Korintiyawa 9:7 ya ƙara cewa mutum ya yanke shawara a zuciyarsa tun da wuri, kada ya ba da yana gunaguni ko don an matsa masa.

Saboda haka kashi ɗaya cikin goma ma'auni ne mai kyau da za ka fara da shi. In mutanen Tsohon Alkawari, waɗanda ba su ga gicciye ba, sun ba da haka, mu da muka ga ƙaunar Almasihu za mu tsaya muna ciniki? Ka kuma yi lissafi da kanka. In gida goma suka fid da kashi ɗaya cikin goma da aminci, abin da aka tara zai riƙe gidan fasto daidai da yadda sauran gidajen suke rayuwa.

Ba ciniki da Allah ba ne

Akwai masu koyar da cewa in ka ba da jaka ɗaya, tilas Allah ya mayar maka da jaka ɗari. Ka yi hankali da irin wannan koyarwa. Gaskiya ne a Malakai 3:10 Ubangiji ya yi wa Isra'ila alkawarin albarka in suka cika ɗakin ajiya, Allah kuwa mai aminci ne, ba ya barin masu dogara gare shi. Amma shi ne yake zaɓen irin albarkar da lokacinta. Sa'ad da Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsauta masa ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8:18-23). Muna bayarwa ne domin an riga an ba mu.

Kada kuma wani ya hana iyalinsa abinci ko magani, ya ce ai ya kai wa Allah. A Markus 7:9-13 Yesu ya hukunta waɗanda suke fakewa da baiko domin kada su taimaki iyayensu. Ka shirya samunka da hikima: ka ware na Ubangiji da fari, ka ciyar da gidanka, ka biya bashinka, ka guji cin bashi domin biki ko nuna isa.

Ni talaka ne, me zan bayar?

Ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin tsanani da matsanancin talauci, amma su ne suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar da ake tara wa masu bi na Urushalima. Asirinsu yana a aya ta 5 ta 2 Korintiyawa 8: sun fara miƙa kansu ga Ubangiji. A aya ta 12 kuma an nuna cewa Allah yana auna baiko da abin da ke hannun mutum. Haka Yesu ya auna anini biyu na gwauruwan nan a Markus 12, ya ce ta fi masu arziki bayarwa.

Ga misali daga zamaninmu. A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin ƙasar Indiya, matan ikilisiya sun fara wata al'ada wajen shekarar 1910. Duk lokacin da mace za ta ɗora tukunya, sai ta ɗebi shinkafa cikin tafin hannu ɗaya ta zuba a wani kwano dabam. Ana tara wannan shinkafa a majami'a, a sayar, kuɗin ya shiga aikin Ubangiji. Fiye da shekara 100 ke nan ba su daina ba, kuma da taimakon wannan ɗan abu ikilisiyoyinsu suna tallafa wa masu bishara da suke aikawa wasu wurare. Da yayyafi kogi kan cika.

'Yar'uwa, ke ma kina da tafin hannu. Manomi yana da dami, in ya ɗaure goma ya ware ɗaya tun hatsin bai shiga rumbu ba. Mai kiwo yana da ɗan akuya ko kaza. Mai sayar da ƙosai tana da ribarta ta yini. Ma'aikaci yana da albashi, ko sefa ne, ko naira, ko sidi. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da ƙarfin da zai buga tubali ko ya yi noma a gonar ikilisiya. Bishara ta iso mu ne domin wasu mutane a ƙasashe masu nisa sun ba da nasu. Bai dace mu zauna har abada muna duban hanya ko taimako zai zo daga waje ba.

Magana ga masu riƙon jaka

Akwai masu bi da suka daina bayarwa domin ba su san inda kuɗin yake zuwa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nehemiya ya gane wannan. Ya fid da kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakunan, ya mayar da Lawiyawa bakin aikinsu, jama'ar Yahuza kuma suka kawo zakka. Daga nan ya sa mutum huɗu su lura da ɗakunan ajiya: Shelemiya firist, da Zadok marubuci, da Fedaiya Balawe, da Hanan mai taimakonsu. An zaɓe su ne domin an san su da aminci, aikinsu kuwa shi ne su raba wa 'yan'uwansu.

Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ya aika da Titus da 'yan'uwa biyu, ɗaya daga cikinsu ikilisiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi. Ya ce ya yi haka domin kada kowa ya sami abin zargi, yana so al'amarin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. In manzo ya yi wannan hattara, balle mu.

Fasto, dattijo, ma'aji, ku ji wannan da kunnen basira. Kada mutum ɗaya ya ƙirga baiko. A ƙirga shi a majami'a, mutum biyu ko uku, a rubuta a littafi, su sa hannu. Kada kuɗin ikilisiya ya kwana a aljihun kowa, kada kuma a ranta shi a asirce. A auna hatsin godiyar kaka tiya-tiya, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. A karanta wa jama'a rahoto a kan kari. A fara da haƙƙin masu hidima da taimakon gwauraye da marayu kafin a yi maganar ado. Shugabanni kuma su fara fid da tasu zakkar, kamar yadda aka umarci Lawiyawa.

Domin tunani

Yaushe rabonka da ka zauna ka lissafta abin da Ubangiji ya ba ka? Na Allah kake warewa da fari, ko sai abin da ya rage? Ka san yadda fastonka da iyalinsa suke ci? In an ba ka amanar kuɗin ikilisiya, za ka iya buɗe littafinka yau a gaban jama'a ba tare da fargaba ba? Kada ka jira sai ka yi arziki. Ka yanke shawara a gaban Ubangiji yau, ka faɗa wa iyalinka, ku fara ranar Lahadi mai zuwa.

Addu'a

Ya Uba na sama, duk abin da ke hannunmu daga wurinka ya fito. Mun gode domin Ɗanka Yesu Almasihu wanda ya ba da ransa dominmu. Ka gafarta mana inda muka ƙyale gidanka da bayinka. Ka buɗe zukatanmu da hannuwanmu, ka ba shugabanninmu aminci a kan abin da aka danƙa musu, ka kuma biya bukatun matalauta da ke cikinmu. Muna roƙo a cikin sunan Yesu. Amin.