Naman da Ba a Yanka Ba

Boga curin niƙaƙƙen nama ne da ake gasawa a sa a tsakiyar burodi. A 2016 kamfanoni biyu na Amurka, Impossible Foods da Beyond Meat, suka fito da irin wanda babu tsoka ko ɗaya a cikinsa, sai furotin na tsirrai da mai da kayan ƙamshi. Curi ɗaya mai nauyin giram 113 yana ɗauke da furotin kusan giram 20, gwargwadon abin da ake so mai ɗaga ƙarfe ya ci bayan atisaye, lokacin da jiki ke gyara tsokar da ta wahala. Waken suya, wanda ake yin bogar Impossible da shi, yana da dukkan sinadarai tara na gina jiki da ɗan Adam ba ya iya haɗa wa kansa, don haka wanda ya saba da awara ba zai yi mamaki ba. Ga Musulmi kuwa, abin ya taso da tambayoyi biyu: barin nama da gangan, da cin abin da aka kwaikwayi nama da shi.

Ta farko tsohuwa ce. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun so tsananta wa kansu ibada, har wani ya ce ya bar cin nama, sai Annabi (SAW) ya nuna musu wannan ba tafarkinsa ba ne. Aya ta 87 a suratul Ma'ida ma ta hana muminai haramta wa kansu daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta. A ɗaya gefen, Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo gargaɗin Sayyidina Umar cewa nama yana da jaraba irin ta giya. Idan aka haɗa su, magana ta koma kan niyya. Wanda ya bar nama don kitse ya yi masa yawa, ko aljihu bai kai ba, ko don ya ga wake ya fi yi masa sauƙi a ciki, bai taɓa komai ba. Wanda ya ɗauki yanka zalunci ne a karan kansa shi ne ya shiga rigima, domin layya da ragon suna suna nan a gabansa. Mawaƙin nan Abul Ala al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya bar nama da madara da ƙwai don tausayin dabbobi, kuma ya sha tuhuma a kan haka tun yana raye.

Tambaya ta biyu ta fi sarƙaƙiya. Asalin tsirrai halal ne, kuma wake ba ya buƙatar wuƙa. Sinadarin da ke ba bogar Impossible launin jini da ɗanɗanon nama a saiwar waken suya aka samo shi, ana kuma yawaita shi ta hanyar yis da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. A 2018 hukumar IFANCA ta Amurka ta ba shi shaidar halal, ƙungiyar Yahudawa ta Orthodox Union ma ta amince da shi bisa dokokinta.

Sai a 2021 kamfanin Impossible Foods ya fitar da kwaikwayon naman alade, shi ma daga waken suya. Babu alade a ciki ko ɗigo, amma bai samu shaidar halal ba, Orthodox Union ma ta ƙi sa tambarinta, tana mai cewa sunan ne ya yi wa mabiyanta nauyi. Nan ne ka'idoji biyu suka yi karo. Ɗaya ta ce hukunci yana bin haƙiƙar abu: giya ba ta halatta don an sake mata suna, don haka wake ma ba ya haramta don an kira shi alade. Ɗayar ita ce toshe kafa, wadda Malikiyya suka shahara da ita: kada harshe ya saba da ɗanɗanon haram, kada kuma yaro ya taso bai san bambanci ba.

Hujjar farko ta fi ƙarfi idan ana maganar abincin kansa, domin haramtawa sai da nassi. Ta biyu ta fi dacewa da mai ba da shaida, wanda tambarinsa jagora ne ga jama'a masu sayayya cikin gaggawa. Ƙin sa tambari ba fatawar haramci ba ne, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarsa haka.

Saura abin da ke faruwa a ɗakin girki. Gidajen abinci da dama a ƙasashen Turai da Amurka suna gasa bogar tsirrai a kan ƙarfen da suka gasa naman alade ko wanda ba a yanka ba, kitse kuma yana malala daga wannan zuwa wancan. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani cewa najasa mai danshi tana ɓata abin da ta shiga, don haka wanda ya fito daga wurin atisaye da yunwa sai ya tambayi inda aka gasa kafin ya biya kuɗi.