Reno da Dashe

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, 1 Sama'ila 1:21-28, Luka 2:41-52

Yau ina so mu zauna tare a kan wata tambaya mai nauyi. Idan Allah ya ba ka 'ya'ya, kuma duniyar da ke waje ta cika da haɗari, har zuwa yaushe ya kamata ka riƙe su a cikin gida? A ina ƙauna take ƙarewa, tsoro ya karɓi wurinta?

Akwai wani iyali na 'yan'uwa masu bi a wani ƙauye da ke wajen garin Illela, ba nisa da iyakar da ta raba mu da Birnin Konni. 'Ya'yansu tara ne. Maigidan manomi ne: gero da wake da damina, albasa da rani. Uwargidan ta gama sakandare kafin ta yi aure. A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda cutar korona, sai ta fara koyar da yaran a gida don kada su manta da karatu. Kafin hankali ya kwanta, sai ga labarin Ƙanƙara a Disamba na wannan shekara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300. Bayan wata biyu aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe. Maigidan ya ce babu ɗansa da zai sake bin hanyar daji da sunan zuwa makaranta. Abin da aka fara don 'yan makonni ya zama zaman shekaru.

Da ka kwana a gidan nan, da ka yi sha'awa. Tun da asuba ake tashi. A yi waƙa ɗaya, a karanta sura, kowa ya yi addu'a, har da autan da bai iya haɗa jimla ba. Samari biyu su kora jaki zuwa rijiya, 'yan mata su share tsakar gida, a ba awaki dusa, a sha kunu. Da hantsi sai a shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya. Allonsu tsohon ƙyaure ne da aka shafa wa baƙin fenti. Ƙanana suna koyon baƙaƙe, matsakaita suna karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, manya suna lissafi. Lissafin ma na gida ne: tiya nawa ke cikin buhu, nawa za a samu idan aka sayar da rago a kasuwar Illela, yadda ake juya naira zuwa sefa, da dalilin da ya sa mutumin Konni in ya ce dala ɗaya yana nufin sefa 5. Da la'asar a bi Baba zuwa lambu. Da dare a sake haɗuwa, a yi hadda, a kwanta. Yaran suna da ladabi, sun san aiki, sun san Maganar Allah fiye da manya da yawa.

Amma akwai abin da baƙo ba ya gani a rana ɗaya. Tun da aka haifi na takwas da na tara, uwa ba ta da sukuni, alli ya koma hannun babbar 'yarsu. Shekarunta 17. Ita ce malama, ita ce mai goyo, ita ce mai tuƙin tuwo in uwa ta gaji. Ƙannenta suna ci gaba, ita kuwa tana nan inda ilimin mahaifiyarta ya tsaya. Wata rana bayan sujada ta durƙusa ta gai da fastonsu, ta ce, "Baba Fasto, ni ina koyar da kowa. To ni wa zai koyar da ni?" Ta taɓa raka mahaifiyarta asibitin Galmi, wanda mishan na SIM ya buɗe a 1950 can gabas da Konni, ta ga ma'aikatan jinya, tun daga ranar zuciyarta take can.

Kafin ka yanke wa iyayen hukunci, ka tsaya tukuna. Suna da gaskiya a abubuwa biyu. Na farko, Allah bai ɗora nauyin tarbiyya a kan gwamnati ko makarantar Lahadi ba kafin ya ɗora shi a kan iyaye. A cikin karatunmu na farko Musa ya umarci iyaye da kansu su riƙa cusa wa 'ya'yansu dokokin Allah cikin harkokin yau da kullum, a gida da kan hanya, safe da dare. Timoti ya san Nassi tun yana ƙarami ta wurin kakarsa Lowis da mahaifiyarsa Afiniki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, tsoronsu ba mafarki ba ne. A watan Maris na 2024 an ɗauke almajirai fiye da goma a Gidan Bakuso, cikin ƙaramar hukumar Gada, maƙwabciyarmu. Wanda bai taɓa kwana yana sauraron ƙarar babura ba, kada ya yi saurin kiran wani matsoraci.

Duk da haka, tambayar yarinyar tana nan, ba ta gushe ba.

Kai da ka san noman albasa a wannan yanki, ka san yadda ake yi. Ba a watsa iri kai tsaye a babbar gona. Ana fara renonsa a ɗan ƙaramin fangali, inda ƙasa ke da laushi, ruwa ba ya yankewa, ido kuma yana kai kullum. Amma bayan kamar mako shida, dole a cire shi a yi dashe. Dashe ba daɗi: ana tumɓuke shuka, wasu jijiyoyi su tsinke, ta yi kwana biyu tana yaushi kamar za ta mutu. Manomin da ya ji tausayinta ya bar ta a wurin reno, zai samu ganye cunkushe, amma ba zai ga albasar da za a kai kasuwa ba. Reno alheri ne. Amma an yi reno domin dashe.

Haka Nassi yake nuna mana. Hannatu ta roƙi ɗa da hawaye, ta riƙe shi a gida har ta yaye shi, sa'an nan ta kai shi Shilo da hannunta. Ta gane cewa yaron amana ne, ba dukiyarta ba. Mahaifiyar Musa ta shayar da shi ta dasa masa sanin ko shi wanene, amma Ayyukan Manzanni 7:22 ya nuna cewa ya kuma koyi ilimin Masarawa, Allah kuwa ya yi amfani da duka biyun. Ubangijinmu Yesu da kansa, yana da shekara 12, an same shi zaune cikin malamai a Haikali yana saurare yana tambaya. Maryamu ta sha damuwa kwana uku, amma ba ta ce daga yau ba zai sake fita ba.

Ka lura kuma da Yusufu. Da Hirudus ya nemi ran yaron, ya gudu da shi Masar cikin dare. Gudu ba rashin bangaskiya ba ne, biyayya ce. Amma da haɗarin ya wuce, ya dawo. Da ya ji wanda ke mulkin Yahudiya, ya zaɓi Nazarat. Wato ya yi ta auna hali, yana sauraron Allah a kowane mataki. Ɓuya tana da lokacinta, tana kuma da ranar ƙarewa. Matsalarmu ita ce mukan shiga Masar da umarnin Allah, sa'an nan mu zauna can da umarnin tsoro.

Koyarwa a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gida ta yi karatu. Amma iliminta bai tsaya a tsakar gida ba: ta horar da jajis, mata masu zagaya ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Maƙwabtanmu Musulmi suna tunawa da ita har yau saboda abin da ya fita daga gidan. A Ingila kuma akwai Susanna Wesley, wadda ta haifi 'ya'ya 19, ko da yake da yawa sun rasu suna jarirai. A gida ta koyar da waɗanda suka rayu, awa shida a rana. Ta kafa doka cewa ba za a koya wa 'ya mace ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Tana ware wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai a cikin mako. Amma a 1714 ta saki ɗanta John ya tafi makaranta a Landan, daga baya ya wuce Oxford. Ta yi reno, ta kuma yi dashe, farkawar da ta biyo baya kuwa ta girgiza ƙasashe.

Saboda haka, ko 'ya'yanka suna karatu a gida, ko suna zuwa makaranta, ka yi wa kanka tambayoyi uku a gaban Allah.

Ta farko: me ke tuƙa ni? Hikima takan duba hanya ta ce, "Ba yanzu ba." Tsoro yakan rufe ido ya ce, "Har abada." Idan ba ka iya faɗin abin da zai canja har ka buɗe ƙofa, to wataƙila ba hikima ce ke riƙe da mabuɗin ba. Bulus ya tuna wa Timoti cewa Ruhun da muka karɓa ba mai sa mutum ya noƙe ba ne.

Ta biyu: ina ilimina ya tsaya? Ba abin kunya ba ne uwa ta ce, "Daga nan ban sani ba." Abin kunya shi ne a mai da iyakar sanin iyaye ta zama iyakar rayuwar ɗa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su tabbatar ɗansu ya samu shekara tara na karatun firamare da ƙaramar sakandare. Ko ba don doka ba, ranar da yaron zai nemi aiki ko gurbin karatu, takardar jarrabawa za a tambaye shi. Ƙaunar da ba ta tuna da wannan rana ba, ba ta duba nesa ba.

Ta uku, wadda ta fi zafi: wa ke biyan kuɗin wannan shawara? A gida mai yawa, sau da dama akwai ɗa ɗaya mai haƙuri wanda kowa ke jingina da shi, galibi kuwa 'ya mace ce. Don ba ta ƙorafi, sai a ɗauka ba ta da buri. Taimakon iyaye ibada ce, amma ba daidai ba ne a ƙone kyandir ɗaya ƙurmus don takwas su ga haske, alhali ita ma Allah ya kira ta da sunanta. Afisawa 6 ta umarci 'ya'ya su yi biyayya, amma a nan take ta gargaɗi iyaye kada su tsokane su har ransu ya ɓaci.

Na san abin da zuciyarka ke cewa: "In na sake ta, wani abu ya same ta fa?" Ba zan yi maka ƙarya ba. Babu fasto da zai ba ka tabbacin cewa hanya lafiya take kowace rana. Bangaskiya ba laya ba ce. Muna addu'a, muna bincike, muna zaɓar makaranta da masauki da hankali, muna guje wa tafiyar dare. Amma bayan an yi duk wannan, akwai saura wanda sai dai a miƙa shi ga Allah. Kuma ka tuna, ko a cikin ɗakinka ba kai ne kake tsaron numfashinsu ba.

A nan ikilisiya ma tana da laifinta da aikinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikinmu akwai malamai da suka yi ritaya, akwai matasa masu hidimar ƙasa, akwai 'yan zumuntar mata da ke da ɗaki a cikin gari. Me zai hana iyalai uku su haɗa yaransu kwana biyu a mako? Me zai hana a karɓi ɗiyar ɗan'uwa ta zauna kusa da makaranta? Ɗa na kowa ne. Idan muka bar iyali ɗaya suna ɗaukar wannan kaya su kaɗai, ba mu da bakin zarginsu.

Da fasto ya kai wa maigidan maganar 'yarsa, bai ce komai ba, sai da ya yi kwanaki yana azumi. Bayan an cire albasa, ya sayar da buhuna, ya kai ta wurin gwaggonta a Sakkwato don ta shiga aji ta shirya wa jarrabawar NECO. Yanzu alli yana hannun ƙanenta, amma an yi masa alkawarin shekara ɗaya tak, shi ma a dasa shi. Uwar ta ce har yau in waya ta yi ƙara da dare gabanta yakan faɗi. Ba ta daina jin tsoro ba. Ta dai daina barin tsoro ya yi mata shawara.

Abin tunani: Cikin waɗanda Allah ya damƙa maka, wa ya isa dashe amma har yanzu kana riƙe da shi a wurin reno? Wa ke ɗauke da kayan gidanka shiru, ba ka taɓa tambayarsa burinsa ba? Ka tambaye shi a wannan mako.

Addu'a: Ya Uba, na gode don 'ya'yan da ka ba ni amana. Ka gafarta mini inda na kira tsorona ƙauna. Ka ba ni hikimar sanin lokacin riƙewa da ƙarfin halin saki. Ruhu Mai Tsarki, ka tsare yaranmu a gida da kan hanya, ka kawo salama a Illela da ƙauyukanta da dukan ƙasarmu. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.