Alfarwa a Bakin Birni

Ya ɗan'uwa, watakila kana cikin masu shirin tashi daga ƙauye bayan kaka. Gonar gado ta yi kaɗan, an rarraba ta har kowa ya sami ɗan zirin da ba ya cika rumbu. Yara kuma suna bukatar lakwal da likita. Hayar ɗaki a Maraɗi ko Damagaram ta fi ƙarfinka, saboda haka ka ce bari ka sauka a ƙaramin gari na kusa, kamar Tsibiri ko Jiratawa a gefen Maraɗi, ko Mirya a gefen Damagaram. Da safe ka shiga birni neman abinci, da maraice ka komo gida. Iyalai da yawa sun bi wannan hanya tun farin 1973 da na 1984, har yau kuwa ba a daina ba.

Tashi ba zunubi ba ne. Allah da kansa ya ta da Ibrahim daga ƙasarsa. Yusufu ma ya ƙaura da Maryamu da yaron nan Yesu zuwa Masar, daga baya ya zauna a Nazarat. Amma kafin ka ɗaure kaya bisa amalanke, ka buɗe Littafin Farawa sura 13, ka duba wani mutum wanda shi ma ya sauka a bakin birni.

Sunansa Lutu, ɗan ɗan'uwan Ibrahim. Dabbobinsu sun yi yawa, makiyaya suna faɗa a kan kiwo, sai Ibrahim ya ba shi zaɓi. Lutu ya ɗaga ido, ya ga kwarin Urdun da ruwa da ɗanyar ciyawa, ya zaɓa. Ba mu karanta ya yi addu'a ba, ba mu karanta ya tambayi halin mutanen wurin ba. Da fari bai shiga Saduma ba, alfarwarsa kawai ya kafa kusa da ita. Ka juya zuwa sura 14, za ka tarar yana zaune cikin birnin. A sura 19 kuwa ga shi a ƙofar gari, wurin zaman manya, har ƴaƴansa mata an yi musu miji daga cikin mutanen Saduma. Ran da hukunci ya zo, surukansa suka ɗauki gargaɗinsa wasa. Matarsa ta waiwaya ta hallaka. Mutumin da garkensa ya yi wa ƙasa yawa ya ƙare a cikin kogo. Kaito! Ba rana ɗaya Lutu ya yi wannan hasara ba. A hankali ya yi ta gusawa, bai kuwa sani ba.

Yanzu ka dubi naka zama. A ƙauye kowa ya san ka. In ba a gan ka a sujada ba, kafin azahar dattijo ya zo yana tambaya ko lafiya. A bakin birni ba haka ba ne. Mutanen garin suna ganinka baƙo mai kwana kawai, mutanen birni suna ganinka ɗan ƙauye mai zuwa da komawa. Ba mai tsawata maka. Kana fita yara suna barci, kana komowa sun yi barci. Addu'ar iyali ita ce takan fara mutuwa, ba wanda ya kashe ta da gangan, gajiya ce kawai. Bayan wata shida ƙura ta rufe Littafi Mai Tsarki a kan akwati.

Ga kuma zancen kuɗi. A ƙauye hatsi yana rumbu, itace yana daji, ruwa yana rijiya. A nan kome sai da kuɗi: tiyar hatsi, garwar ruwa, ɗaurin itace, kuɗin kabu-kabu zuwa da komowa. Jika ɗaya da kake ganinta da girma a ƙauye, kafin la'asar ta watse. Daga nan sai bashi, daga bashi sai jinginar gona, daga jingina sai sayarwa. Ina roƙonka, kada ka sayar da gonar ubanka don ka sayi babur. Ka bar ta a hannun ɗan'uwa mai aminci, ka koma ka yi shuka da damina in da hali. Babur yakan lalace, a kan sace shi kuma, amma gona tana nan tana jiranka. Ka kiyaye samarinka daga caca da ƙwayoyi irin su tramol, gama a tasha da wurin lebura ana miƙa su ga yaro da sunan maganin gajiya.

Ke kuma uwargida, nauyinki ba ƙarami ba ne. Kin bar uwarki da ƙawayen zumunta, kina wuni tsakanin matan da ba ki sani ba. Ran da zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, maigida bai komo ba, wata tsohuwa za ta shigo da kyakkyawar niyya ta ce iska ce, a kai shi wurin boka ko ƴan bori, a ɗaura masa laya. Tun yau ki shirya amsarki, tun yaro yana da lafiya. Ki gode mata da ladabi, ki yi addu'a cikin sunan Yesu, ki ɗauki yaron zuwa likita ba da jinkiri ba.

Ina kuma za ku yi sujada? Lutu bai yi wannan tambaya ba. Kai ka yi ta tun kafin ka biya kuɗin haya. In akwai ikilisiya a garin, ko mutum goma ne a ƙarƙashin rumfa, ka shiga cikinsu tun Lahadin fari. Kada ka ce sai babbar majami'ar birni mai kayan kiɗa, gama ran da babu kuɗin mota za ku zauna gida, sannu sannu zama ya zama hali. In Mirya ce ka nufa, ka sani ran Lahadi take ci kasuwa, ran nan kuwa ciniki ya fi daɗi. Ka yanke shawara tun da wuri wanda za ka fara ba safiyarka.

In kuwa babu ikilisiya ko kaɗan, to, watakila saboda wannan ne Ubangiji ya kai ka. Akwai wani ƙaramin gari kusa da Urushalima, wajen kilomita 3, sunansa Betanya. Can ne gidan Marta da Maryamu da Li'azaru. Ba mu ji suna da sarauta ko muƙami a Haikali ba, amma ƙofarsu a buɗe take ga Yesu. A makonsa na ƙarshe yakan wuni yana koyarwa a birni, da maraice ya fita, Betanya kuwa tana cikin wuraren da ya kwana. A nan ya ta da Li'azaru bayan kwana 4 a kabari, mutanen birni suka yi ta fitowa don su gani, da yawa suka ba da gaskiya. Ashe, gidan da ke bakin birni yana iya jawo birni zuwa ga Almasihu. Alfarwar Lutu da gidan Marta duk a bakin birni suke. A ɗaya an shawarci ido, a ɗaya an marabci Ubangiji.

Yawancin maƙwabtanka Musulmi ne. Ka je ka gai da mai unguwa da limamin gari, ka faɗa musu a fili kai mai bin Yesu ne. Ka halarci suna, ka je gaisuwar mutuwa, ka biya bashi a kan lokaci, kada ka nemi gardama. Annabi Irmiya a sura 29 ya umarci waɗanda aka kai bauta Babila su gina gidaje, su yi lambu, su yi wa garin addu'a, balle kai da ka zo da ƙafarka. A watan Janairu na 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, akwai masu bi waɗanda maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su.

Amma ya mai karatu, kai kanka ka karɓi Yesu, ko kuwa bangaskiyar ubanka ce kake yafe da ita kamar rigar aro? Rigar aro takan tuɓe a hanya. Yesu ya mutu saboda zunubanka, ya tashi a rana ta uku, yana kuwa gafarta wa duk wanda ya tuba ya dogara gare shi. In ba ka tabbata ba, ka daidaita wannan tukuna.

Sa'an nan ka je wurin fastonka ko mai bishara, kai da matarka. Ku faɗa masa garin da za ku, ku roƙi takarda zuwa ga ƴan'uwa na can. Ku bar ikilisiya ta yi muku addu'a kafin ku tashi. Daren da kuka sauka, ko kaya ba a kwance ba, ka tara yara, ka kunna fitila, ku karanta Yohanna sura 11 tare.