Guzurin fara da guzurin mutum

Ƴan'uwa manoman Damargu, kun san farin dango. A shekarar 2004 sun sauka ƙasarmu, yunwar 2005 ta biyo baya. Mutanen Tanut da Belbeji ba su manta ba.

To, ina fara take samun ƙarfin tafiya? Tana hayayyafa a Tamesna da Abzin in ruwan sama ya sauka. In ta yi fiffike, ba ta yin nisa nan da nan. Sai ta yi kwanaki tana ci, naman ƙirjinta mai kaɗa fiffike ya yi ƙwari, ta tara kitse a ciki. Kullum tana iya cin nauyin jikinta, wajen giram 2. In ta tashi, sukarin da ke cikin jininta take fara ƙonawa. Kafin rabin awa ya ragu, sai ta koma ga kitse. Da shi take yin kilomita 100 ko fiye a yini, tana bin iska. A shekarar 1988 wasu har sun ƙetare tekun Atalantika, wajen kilomita 5,000.

Ashe fara ba ta fafe gora ranar tafiya. Amma guzurinta ganyen makiyaya ne da hatsin manoma. Shin ɓarauniya ce? A'a. Ba ta da hankali, ba ta san rumbun kowa ba.

Yanzu mu dubi kanmu. Bayan girbi, samari suna shirin cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu Libiya. Kuɗin mota kuwa daga rumbun gida suke fitowa. Wani zai ce: "Ni ma na yi noman, kuma don gida zan tafi." Gaskiya ne, kuɗin ƴan cin rani sun ceci gidaje da yawa. Amma in ka sayar da damin da ya kamata ya kai yara damina, wa ya biya tafiyarka? Matarka da ƴaƴanka, da cikinsu.

Nan ne bambancin. Fara ta ci, ta wuce, babu mai binta bashi. Kai kuwa guzurinka bashi ne.

Saboda haka, kafin ka ɗaure kaya, ka zauna da iyali. Ku ƙidaya dammuna, ku ƙidaya watanni, ku rubuta, tun da yanzu kun iya. Abin da ya yi saura, shi ne guzurinka. In ka samu, ka aiko. In shuka ta yi, ka komo.

Allah ya tsare mana gonaki, ya dawo da matafiya lafiya.