Sandan da Aka Binne

Ya kai mai karatu, ko wanda ya yi shiru saboda tsoro yana da laifi? Ka saurari wannan misali.

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Gustaf Molander ya shirya wani fim a ƙasar Suwidin mai suna Rid i natt, daga littafin Vilhelm Moberg na 1941. Labarin wasu manoma ne a shekarar 1650, waɗanda wani basarake Bajamushe ya so ya bautar. Amma masu kallo suka gane zamaninsu ake nufi, gama sojojin Hitila sun mamaye maƙwabtansu, Norwe da Denmak, tun 1940.

Aka kawo wa dagacin ƙauyen, Jon Stånge, sandan gayya, wanda wajibi ne a miƙa shi ga ƙauye na gaba domin manoma su tashi tare. Tsoro ya kama shi, ya binne sandan. Amma lamirinsa bai bar shi ya huta ba. Svedje kuwa, manomin da ya ƙi durƙusawa, ya rasa mataimaki, ya gudu daji. Daga bisani aka binne shi da rai.

Ka lura, laifin Stånge bai fara da zub da jini ba, da ɓoyewa ya fara. Jin tsoro ba zunubi ba ne, gama kowane ɗan Adam yana jinsa. Zunubin shi ne ka sayi kwanciyar hankalinka da ran maƙwabcinka.

Kai fa, wace gaskiya aka damƙa maka, ka binne ta? Ka tono ta yau, tun ba a cuci wani saboda shirunka ba.