Son a Gani da Jakar Soja

Duk wanda ya tsaya bakin titin Kalgo da safe, inda motocin Birnin Kebbi ke wucewa zuwa Jega, zai lura da wata jakar goyo da ta yawaita a bayan samari a 'yan shekarun nan. Ƙatuwa ce, aljihunanta barkatai, an ɗinka mata igiyoyi sahu-sahu a gaba da gefe. Launinta ko dai baƙi, ko ruwan ƙasa, ko dabbare-dabbaren kakin soja. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke nan Kalgo, yana goye da ita. Mai POS ma haka, da mai gyaran sola, har da ɗan kabu-kabu.

Jakar dai ba ta da laifi. Amma da za a buɗe wasu daga ciki, caja ce za a tarar, da littafi ɗaya, da kwalbar turare, sauran duk iska. Mai ita ya saye ta ne don a ce ya haɗu. Wannan shi ne son a gani, wato mutum ya zaɓi abu da idon jama'a, ya bar abin da buƙatarsa ke nema.

Igiyoyin nan da ke burge mutane suna da tarihi. Sojojin Amurka ne suka fito da tsarin, wanda suke kira MOLLE, a wajajen 1997, domin soja ya riƙa maƙala ƙananan jakunkunan harsashi, da gorar ruwa, da kayan ɗaure rauni a inda hannunsa zai kai da sauri. Kowace igiya faɗinta inci ɗaya ne, kuma an tsaga ta da ɗinki a tazarar da aka auna. Ta ainihi ana yinta da yadi mai kauri irin Cordura, shi ya sa take da nauyi tun ba a sa mata komai ba. Soja ya yarda da nauyin saboda ransa na iya rataya a kan abin da ya maƙala. Malamin makarantar da zai tafi aji a Gwandu da rajista da alli fa, me zai rataya?

Mai shago ya san wannan rauni sarai. Da ya ga saurayi ya ƙura wa jakar ido sai ya sauko da ita, ya bubbuga ta, ya ce, "Yallaɓai, wannan irin ta sojan Amurka ce, ba ta mutuwa." Ba zai buɗe cikinta ba sai an matsa. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da araha kwaikwayo ne: siffar soja a waje, ciki kuwa yadi ne shara-shara da ɗinki ɗaya. Ƙurar hunturu ta shiga haƙoran zif, damina ta biyo baya, kafin a kai kaka madaurin kafaɗa ya tsinke, sai ga jarumin namu zaune gaban baduku yana cinikin gyara.

Kafin wannan yayi, kowace sana'a a ƙasar nan da jakarta. Wanzami yana da zabira, an raba mata gurabe daidai da aska da ƙaho da almakashi, ko a duhu ya sa hannu ya san abin da zai ciro. Malami yana da gafaka ta fata, daidai girman littafin da zai shiga, da igiyar ratayawa. Fatake suna da taiki, mai jaki yana da mangala. Dukawa suna yanka fata ne bayan sun san kayan da za ta ɗauka. Har yau wannan ce hanyar zaɓen jaka mai kyau: a zube kayan aiki a tabarma, a dube su, sannan a tafi kasuwa.

Kuma mutumin Gwandu ba ya buƙatar a ɗauko masa wa'azi daga nesa a kan wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin, ya ga irin wannan hali tun jihadi bai ƙare ba. Da ya lura wasu daga cikin jama'a sun karkata ga tufafin ƙawa da dawakai da neman muƙami, ransa ya ɓaci har ya bar runduna a 1807 da niyyar tafiya Makka. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, daga baya ya dawo. Ya bayyana wannan damuwa a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Malamin da ya halarci yaƙi da kansa, wanda ya san nauyin kayan faɗa, shi ne ya fi kowa ƙyamar a mayar da su ado.

Akwai kuma wata hasarar da ta fi ta kuɗi. Rundunar sojan Najeriya ta sha gargaɗin farar hula da su guji kakin soja da duk abin da ya yi kama da shi. Tun bayan harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera, a ƙaramar hukumar Augie, cikin Nuwamban 2024, idon jami'an tsaro ya ƙara buɗewa a hanyoyin jihar Kebbi. Matashin da ya iso shingen bincike a kan babur da jaka mai dabbare-dabbare ya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya buƙata. Wanda ya so a gan shi, to, an gan shi.

Ba a ce kowa ya yar da tasa ba. Mai gyaran sola da ke yawo da mita da filaya da nadin waya ƙauye-ƙauye, aljihunan nan suna yi masa rana. Malamin gona da ke shiga fadamar shinkafa da rani yana buƙatar yadi mai jure ƙaya da laka, da wurin gorar ruwa, domin zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce a bayansa. Irin waɗannan, in sun samu mai inganci, ko a gwanjo ne, kuɗinsu bai faɗi ba. Bambancinsu da wancan saurayi shi ne za su iya faɗin abin da ke cikin kowane aljihu.

Ga mai zuwa ofis ko aji da kwamfuta da 'yan takardu, jaka mai cin lita 20 zuwa 25 ta wadatar. Idan ka je saye, ka juya cikinta ka duba ɗinki, musamman inda madauri ya haɗu da jikin jakar. Ka ja zif ɗin sau da yawa, in ka ga tambarin YKK a kansa, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana yin jabunsa. Ka tabbata akwai soso a wurin kwamfuta da kuma bayan jakar. Ka sa kayanka ciki ka goya, ka ɗan zagaya da ita a gaban mai shagon. Mai launin kakin soja kuwa, ka bar wa masu ita.